Ƙarancin Matuƙan Jiragen Sama: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk lokacin da kuɗin jirgin sama ya hau, sai gardama ta tashi. Waɗansu su ce matuƙa sun yi ƙaranci, albashinsu ya yi yawa, shi ya sa tikiti ya gagari ma'aikaci mai ɗaukar albashin wata. Wannan magana ta cancanci a yi mata duban tsanaki, don kada a ɗora wa matuƙi laifin da ba nasa ba.

Amurka ce ƙasar da gardamar ta fi zafi, kuma akwai darasi a cikin labarinta. Ran 12 ga Fabrairu, 2009, wani jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka halaka. Bincike ya nuna kuskuren matuƙan, ya kuma tona asirin ɗan ƙanƙanen albashin da ƙananan kamfanoni ke biyan sababbin matuƙa. A 2010 majalisar ƙasar ta yi doka, daga 2013 kuma aka wajabta wa mataimakin kyaftin ya tara awa 1,500 a sama, maimakon 250 na da. Tun daga nan ƙananan kamfanonin ke kukan rashin matuƙa, ita kuwa ƙungiyar matuƙa tana cewa ba mutane aka rasa ba, albashin kirki aka ƙi biya. A 2023 manyan kamfanoni sun yi ƙari mai tsoka. Na Delta ya kai kashi 34 cikin 100 a shekara huɗu. A 2024 majalisa ta ƙi ɗaga shekarun ritayar matuƙi daga 65 zuwa 67.

A Nijeriya kuwa al'amarin ya sha bamban. A watan Fabrairu, 2022, lokacin da kamfanonin cikin gida suka mai da mafi ƙarancin kuɗin tafiya Naira 50,000, dalilan da suka fi ambata su ne tsadar man jirgi da wuyar samun dala. Gaskiya ne, kayan gyara da hayar jirgi da babban gyaran da ake kai jirgi waje a yi, duk da kuɗin ƙetare ake biya. Ko an zabge albashin matuƙi, waɗannan ɗawainiyoyi suna nan daram.

Ƙarancin da ke akwai na ƙwararrun kyaftin ne, ba na matasa masu lasin ba. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana ta yaye ɗalibai. Gwamnatin Jihar Kano ma, a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso tsakanin 2011 da 2015, ta aika da matasa 100 ƙasar Jodan suka koyo tuƙi, amma da yawansu sun daɗe ba aiki. Dalili shi ne lasin kaɗai ba ya isa. Sai an sake horar da matuƙi a kan ainihin samfurin jirgin da zai tuƙa, horon da ke cin dala mai yawa, sa'an nan ya yi shekaru yana mataimaki kafin ya zama kyaftin. A da Nigeria Airways ke ɗaukar irin wannan nauyi, amma tun da ya durƙushe a 2003 kowane kamfani nema yake ya tsinci dami a kala. Ƙwararrun kuwa, in an yi musu tayi mai kyau a ƙasashen Larabawa, sai su kama hanya.

Saboda haka ya kamata duk gwamnatin da za ta ɗauki nauyin ɗalibi ta kai shi har gaci, ta kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin da zai ɗauke shi aiki. Ya kamata hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta sa horar da 'yan ƙasa cikin sharuɗɗan ba kamfani izinin ɗauko matuƙi daga waje. Rage horo ko albashi don a sami arahar tikiti kuwa ganganci ne, domin rayukan fasinjoji ke hannun mutanen nan. Kyaftin ɗin da za a nema nan da shekara goma, yau ya kamata a fara renonsa.