Kalmomin Bayyana da Tabbaci a Ingilishi: Me Asalinsu Ke Nunawa?

Ɗalibin fassara yakan tarar da kalmomin Ingilishi irin su "clear", "obvious", "evident", "certain" da "sure", sai ya yi musu kuɗin goro, ya ce "a fili" ko "tabbas". Wannan sakaci ne, kuma malamin da ya bar shi ya wuce yana da nasa kason laifin, domin kowace kalma daga cikinsu da hoton da take ɗauke da shi.

Babu ko ɗaya daga kalmomin nan biyar da ta fito daga Tsohon Ingilishi. Dukkansu tushensu harshen Latin ne, wasu kai tsaye, wasu kuma ta hanyar Faransanci, wanda ya zama harshen fada da shari'a a Ingila bayan mamayar Normandawa ta 1066. "Clear" daga "clarus" take, wato mai haske ko muryar da ke fita tangaram. "Evident" kuwa daga "videre" ce, ma'ana gani da ido. Ita "obvious" hotonta ya fi armashi: an gina ta da "ob" da "via", wato abin da ya tare hanya, wanda matafiyi zai yi kiciɓis da shi ko bai nema ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne tsakanin "certain" da "sure". Ta farkon daga "certus" take, wadda ta tsiro daga aikatau "cernere", rarrabewa ko tankaɗe. Bahaushe ba zai sha wuya a nan ba, tun da shi ma yana cewa an yi tankaɗe da rairaya. Ke nan abin da aka kira "certain" shi ne wanda aka rairaye, aka fid da tsakuwa, aka yanke hukunci a kansa. "Sure" kuma daga "securus" ta fito, wato "se" da "cura", rashin damuwa, tushen da ya sake haifar da "secure". Halin zuciyar mai magana take bayyanawa, abin da ya fi kusa da sakankancewa ko natsuwa. Shi ya sa Bature yakan ce "it is certain that", amma da wuya a ji ya ce "it is sure that". Mai shaida a kotu yana iya sakankancewa alhali maganarsa ba ta tabbata ba, kuma tafintan da ya haɗe biyun ya cuci wani.

Hausa ba ta rasa kayan aikin wannan rarrabewa ba. Ta aro yaƙini, haƙiƙa, zahiri da shakka daga Larabci, ga kuma sarari da fili.

Sai dai asali ba ya ɗaure ma'anar yau, kuma duk malamin da ya koyar da haka ya ɓatar da ɗalibansa. Dubi "apparently", daga "apparere", wato bayyana. A bakin Turawan yau yawanci "ga alama" ko "wai" take nufi. Mai fassara labarai da ya mayar da ita "a bayyane yake", ya ɗauki jita-jita ya miƙa wa masu sauraro a matsayin tabbataccen labari.