Zuwa ga Inna, daga garkarki

Inna,

Allah Ya jiƙanki, Ya kai haske kabarinki. Na san ba ki yi boko ba, ajamin ma sai dai ki miƙa wa Baba ya duba miki. Duk da haka na ɗauki biro, don ko kina raye ba da baki zan iya gaya miki wannan maganar ba. Ni ce 'yar fari. Shekara arba'in da ɗoriya ba ki taɓa kama sunana ba. "Ke" ce, ko "waccan", in kuwa da baƙi a gidan sai ki yi kamar ba ki ga shigowata ba. Wannan karar ce ta sa duk abin da kika sani na garka Auta kika koya wa. Ni sai tsintuwa daga nesa, ina wanke-wanke ina satar kallo. To ga Auta can Fatakwal yana neman na kansa, garka ta dawo hannun wadda ba a koya wa ba.

Tun da hadari ya fara haɗowa a watan Yuni nake tahowa daga Gumel duk Juma'a da yamma, da aka ba da dogon hutu kuwa na kwaso yara muka tare gaba ɗaya. Irinki na same shi inda kike ajiyewa, cikin tsohuwar tukunyar ƙarƙashin gado da kike rufewa da faifai. Ƙulli goma sha ɗaya, kowanne a tsumma, kowanne an cuɗe shi da toka saboda ƙwari. Ba rubutu, ba alama. Mai ƙulli ta san abinta. Na kuɓewa bai ba ni wuya ba, haka na alayyafo, baƙi wuluk, ƙanana kamar garin kwalli. Na tuna kina gauraya shi da yashi kafin ki watsa don kada ya fito a cunkushe, na yi yadda kike yi. Amma rama da yakuwa, Inna, ta yaya kike rabe su? Na zuba su a tafin hannu na juya na sake juyawa, duk kamarsu ɗaya a idona. Na yi canke, cankena kuwa bai faɗa daidai ba. Ramar da kike jerawa a jikin danga ita na shuka a tsakiyar fili. Yanzu ta fi ni tsawo, ta yi wa alayyafo rumfa, shi kuma ya tsaya siriri kamar mai jinya.

Ruwan farko da ya sauka har na ɗauko fartanya, Goggo ta leƙo ta kan danga ta ce in mayar. Ta tsugunna ta tona ƙasa da yatsu, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba ta tarar da busasshen rairayi. Ta ce uwarki ba ta zuba iri sai laima ta kai taƙi guda. Muka jira. Kwana goma sha biyu sama ba ta ƙara ɗigo ba, waɗanda suka yi gaggawa a gonaki sai da suka sake shuka. Ƙasar nan tamu jigawa ce har sunan jihar, ruwa yana shiga yana wucewa. Ashe shi ya sa kike yini kina kwasar kashin awaki da tokar murhu kina jibgewa a bayan ɗaki tun rani. A da ina ganin ƙazanta ce kike tara mana.

Bari in faɗa miki ɓarnar da na yi, tunda babu mai tona ni sai ni. A tsakiyar Yuli wasu ƙananan ƙwari masu tsalle suka far wa kuɓewa, suka mayar da ganyen kamar rariya. Ke da toka kike bin su da asuba, tun raɓa na jikin ganye don ta kama, in sun yi taurin kai ki daka 'ya'yan darbejiya ki jiƙa su kwana ki yayyafa. Ni malamar makaranta na ga wannan ɓata lokaci ne. Na sayo maganin feshi a kasuwa, na ari famfon maƙwabci, na feshe garkar kaf da hantsi, har kabewar da ta hau rumfa. Ƙwari suka mutu. Sai dai bayan kwana biyu na lura garkar ta yi tsit. Gunjin nan na ƙudan zuma da ke tashe ni da safe babu shi. Mako bai cika ba 'yan ƙananan kabewa suka fara yin rawaya, suna yanƙwanewa suna faɗowa, kowacce ba ta wuce ƙwan zabo ba. Na tsince guda bakwai a rana ɗaya.

Malamin aikin gona na makarantarmu ne ya warware mini ta waya. Kabewa fure biyu take yi: namiji mai dogon sanda siriri, da mace mai ɗan ƙullutu a gindinta. In zuma ba ta kwaso garin namijin ta kai wa macen ba, ƙullutun nan ba ya zama komai. Furen kuma da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, ba ya sake buɗewa. Sai ga 'yarki, Inna, bayan sallar asuba, tsugune ƙarƙashin rumfa, tana tsinko namiji tana yage masa riga tana gogawa a cikin mace ɗaya bayan ɗaya, aikin da zuma ke yi mana kyauta tun ina goye. Goggo ta gan ni ta yi dariya har da riƙe ciki. Huɗu sun kama. Zumar ma ta fara dawowa tun da marka ta wanke ganye.

Tun ranar na fara kallon furanni. Mu dai an san mu da cewa ba ma shuka abin da ba ya shiga tukunya. Da na taho na zo da wata fulawa a gwangwani, mai jan fure babba, a bakin titi na saye ta a Kano da kuɗina masu ciwo. Goggo ta zagaye ta sau biyu ta ce, "Wannan miyar me ake yi da ita?" Ban da amsa. Amma da kuɓewarki ta fara fure sai na ga kunya ta kama ni: ruwan ƙwai mai haske, cikinsa ja har ya yi duhu, ya buɗe da safe ya kwanta da yamma, bayan kwana huɗu ko biyar ɗa ya isa yanka. Na ɗauko gwangwanin na ajiye kusa da shi, sai ga shi dangi ne. Fulawar tawa, da kuɓewa, da rama, da yakuwa, har da auduga, duk gida ɗaya suka fito. Kuɗi na kai Kano na sayo 'yar uwar abin da ke bayan ɗakinki. Ga kuma lallen da kika dasa a 1991, shekarar da aka yanke mu daga Kano aka ba mu Jigawa. Bayan magariba ƙamshin furensa har zaure. Kin ce don ƙunshi kika dasa. Ni dai na sha ganinki kin shimfiɗa tabarma a gindinsa ba tare da kin tsinki ko ganye ɗaya ba.

Yakuwar da kike shukawa don miyar taushe ta zama abin nema yanzu. Zoɓonta ake aunawa buhu-buhu a kasuwannin nan namu har Maigatari, a loda a mota zuwa tashar jirgin ruwa, mafi yawa Meziko ake kai shi, can ma jiƙawa suke su sha da sanyi kamar mu. Abin da ya ba ni dariya, barkono da kabewa asalinsu daga wajensu suka zo mana. Yakuwar tawa ba ta yi fure ba tukuna. Sai rana ta fara gajarta, wajen Oktoba.

Tumatir ban ko gwada ba. Kin sha cewa shi ɗan rani ne, damina ba ta ƙaunarsa, kuma kasuwa tana gaskata ki duk shekara in ruwa ya zauna. A 2016, da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye lambunan Kadawa da Kura, matan birni suka rasa na miya, mu a gidan nan ba mu kwana da gaya ba miya ba: zogale, kuɓewa ɗanya, tafasa daga bakin hanya, da busasshen tumatirin da kika shanya tun yana araha. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 masu ban ruwa da inji suke kuka, kayan miya suka ƙara tashi. Yanzu a Gumel har a buhun siminti mata ke shuka alayyafo a tsakar gida, ana ta yi masa kirari kamar sabon abu.

Na ware kuɓewa shida mafi kyau, 'ya'yan farko, na ɗaura musu ƙyalle daga tsohon zanenki mai ruwan bula don kada yara su yanke. Za su bushe a jikin uwa har su fara tsagewa, sannan in fasa in cuɗe da toka. Amma ni zan rubuta suna a jikin kowane ƙulli, ki yi haƙuri.

Saura ƙulli na goma sha ɗaya. Iri ne baƙi, mai faɗi, bai wuce ƙwaya tara ba. Na shuka uku a kusurwar gabas, biyu suka fito, suka kama danga suna hawa har sun leƙa gidan Goggo. Ita ta ce soso ne. Auta, da na kwatanta masa ta waya, ya ce duma ce, wai kin taɓa karɓo wani iri wajen wata Bafilatana. Har yau bai yi fure ba, ga shi makaranta za ta koma a Satumba. Na bar wa Goggo sallahu, duk ranar da ya buɗe ta sa a kira ni, ta gaya mini fari ne ko rawaya.

'Yarki ta fari.