Idan Allon Kwamfuta Ya Fara Ƙifta Ido

 A wannan wata za mu duba wani ciwo da ke damun masu kwamfutar tafi-da-gidanka, musamman malamai da ɗalibai waɗanda galibi ta hannu muke saye. Wato mutum yana cikin aiki sai allo ya riƙa ƙiftawa kamar fitilar da mai ya kusa ƙare mata. Da yawa sukan garzaya wurin mai gyara, a ce musu allo ya mutu sai an sa sabo, alhali kuwa sau da yawa ciwon bai kai nan ba.

Kafin komai, a kwashe muhimman takardu a zuba cikin filashi. Makin jarrabawar yara da aikin shekara guda ba abin wasa ba ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan sai bincike, a fara da wanda ba ya cin ko sisi. A zare caja a bar na'ura kan batir. In ƙiftawar ta tsaya, to a tuhumi caja, ko wutar da ake jona ta, musamman ta ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Sai a aro caja ta asali mai ƙarfi daidai da wanda aka rubuta a ƙasan na'urar, a gwada. Haka kuma a ƙara hasken allo har ƙarshe. Wasu alluna idan an rage musu haske, kunna fitila da kashe ta suke yi da tsananin sauri, mai kaifin ido kuwa yakan ga wannan rawa.

Na biyu, a riƙa buɗe murfi ana rufewa sannu a hankali ana kallo. Akwai wata siririyar waya da ke ɗauko hoto daga cikin na'ura zuwa allo, ta gaɓar murfi take bi. Kullum aka buɗe sai ta lanƙwasa, yau da gobe kuwa sai ta saki ko ta tsage. In hoto yana tsayawa a wani kwana, yana rawa a wani, to ga ɓarawon nan. Kuɗin wannan waya bai kama ƙafar na allo ba.

Na uku, a jona kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI. In hoton talabijin ya tsaya cak, na kwamfuta yana rawa, ciwon yana ga allo ko wayarsa. In duka biyun suna rawa, to canjin allo asarar kuɗi ce kawai, domin matsalar tana ga manhaja ko sashen da ke sarrafa hoto.

To yaya za a raba tsakanin waɗannan biyu? A kashe na'ura a sake kunnawa, a shiga shafin BIOS tun kafin Windows ta tashi. A Dell maɓallin F2 ake dannawa, a HP kuwa F10. In a can ma ana ƙiftawa, ciwon na ƙarfe ne, sai mai gyara. In lafiya lau ne, manhaja ce. Masu Dell suna da ƙarin gata: in aka danne harafin D sa'ad da ake kunnawa, allo zai gwada kansa da launuka ɗaya bayan ɗaya.

Idan manhaja ce, kamfanin Microsoft ya ba da wata dabara ga masu Windows 10 da 11. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, taga mai suna Task Manager za ta fito. In ita ma tana rawa tare da sauran allo, to direban hoto ne, wato manhajar da ke yin tafinta tsakanin Windows da allo. Sai a sabunta shi daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ko a koma wa tsohon in bayan sabuntawa ne ciwon ya fara. In kuwa tagar ta tsaya cak sauran suna rawa, wata manhaja ce da aka sa kwanan nan, a cire ta. A kuma leƙa saitin allo a tabbata yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin yawancin na'urorin da ke hannunmu.

Tsofaffin na'urori na kafin wajen 2010 fitilar allonsu siririn bututu ce, ba LED ba. In ta tsufa sai hoto ya yi ja-ja da an kunna, ya riƙa dushewa. Wannan ma fitila ko ɗan ƙaramin sashen da ke ba ta wuta ake canzawa.

Sai gargaɗi guda biyu. In an ga jikin na'ura ya kumbura, batir ne, a daina caji nan take don yana iya kamawa da wuta. Sannan kada a bar mai ciwon farfaɗiya gaban allo mai ƙiftawa, domin wasunsu irin wannan haske yana tayar musu da ciwo.

Rigakafi dai ya fi magani. A buɗe murfi ta tsakiya, ba ta gefe ba. Kada a ɗauki na'ura ta allo, kada a rufe ta da biro a ciki. Da hunturu a lulluɓe ta saboda ƙura, da bazara kuma kada a ɗora ta kan katifa ko tabarma inda ba ta shan iska.

In tafiya wurin mai gyara ta zama dole, a gaya masa abin da aka gwada da abin da aka gani, a ce ya fara duba waya kafin ya taɓa allo. Wanda ya je da bayani ba a cika yi masa ciniki a duhu ba.

Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu huta lafiya.