Ka Ga Uwar Kwikwiyon Kafin Ka Biya?

A shekarar 2013 aka ceto wata karya mai suna Lucy daga wani gidan kiwon karnuka a yankin Wales na Birtaniya. Zaman keji ya lanƙwashe mata ƙashin baya, gashinta ya zube wuri-wuri, ga farfaɗiya. Aikinta a duniya ɗaya ne: a yi mata barbara, ta haihu, a kwashe 'ya'yan a kai kasuwa, a sake. Ta mutu a 2016. A watan Afrilun 2020 Ingila ta fara aiki da dokar da aka raɗa wa sunanta, wadda ta hana shaguna da dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba.

Masu irin wannan sana'a azzalumai ne, kuma ba zan sassauta kalmar ba. Amma fushina ya fi yawa a kan mai saye, domin kuɗinsa ne ke riƙe da kejin. Ya ga hoto a Facebook, ya ji suna mai daɗi, ya tura kuɗi, an miƙa masa kwikwiyo a kwali a bakin titi. Bai tambayi uwa ba, bai tambayi uba ba.

Sunayen nan ma abin takaici ne. A 1989 wani ɗan Ostireliya, Wally Conron, ya haɗa karen Labrador da na Poodle don samar wa wata makauniya a Hawaii karen jagora, saboda gashin kare na tayar wa mijinta da ciwo. Buƙata ce ta gaskiya. Sai 'yan kasuwa suka cafe sunan Labradoodle da aka raɗa wa wannan haɗi, kowa ya shiga haɗa duk karen da ya samu da Poodle, ba gwajin lafiya, ba duba hali. Shi kansa Conron ya fito a 2019 ya ce yana nadama.

Wannan ɗabi'a ta iso mu. A Kano, Kaduna da Abuja ana rububin karnukan gadi na waje. Za ka ga karen Caucasian, wanda Allah ya lulluɓe da gashi don sanyin duwatsun Kokesas, a ɗaure cikin kejin ƙarfe a zafin watan Afrilu, harshe waje, yana haki, kwanon ruwansa a bushe. Mai gidan kuwa sai taƙama yake da abin da ya kashe.

Mafaraucin ƙauye ya fi mu sanin kiwo. Ya san uwar karensa da kakarsa, ya san wadda ke da gudu da wadda ke da tsoro, kuma ba ya raba kwikwiyo da nono tun bai isa yaye ba. Mu kuma da aka karantar da mu tun muna yara cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishi, wace hujja gare mu?

Idan za ka saya, taka da ƙafarka har inda aka haife shi. Ka ga uwar tana shayarwa, ka duba inda take kwana, ka nemi katin likitan dabbobi. Kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 ba, kuma idan lokaci ya yi ka kai shi allurar rigakafin haukan kare. Wanda ya hana ka ganin uwar, ka mayar da kuɗinka aljihu ka tafi.