Wariyar Launin Fata A Wurin Aiki: Wa Zai Fara Cewa A'a?

 A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu leƙa ƙasashen waje. Akwai wani al'amari da ya taso a Amurka wanda ya kamata mu fahimta, musamman da yake yanzu 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa suna ƙasashen Turawa suna aikin asibiti da koyarwa da sauransu.

Da yawanku za ku tuna ranar 25 ga Mayu, 2020, da wani ɗan sanda Bature a birnin Minneapolis ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd da gwiwa, fiye da minti 9, har rai ya yi halinsa. Duniya ta ɗauka gaba ɗaya. Manyan kamfanoni suka dinga fitar da sanarwa, kowa yana rantsuwa zai gyara: za a ƙara ɗaukar baƙaƙen fata aiki, za a ba su manyan muƙamai, za a buɗe ofis musamman domin daidaita ma'aikata. To, a shekarar 2021 jaridar Washington Post ta zauna ta yi lissafi. Ta gano kamfanoni 50 mafiya girma a ƙasar sun yi alkawarin kusan dala miliyan dubu 50, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin rance ne da zuba jari, waɗanda kamfanonin za su iya cin riba a kansu. Wato mutum ya ce miki ga gudummawa, da kika kwance ƙullin sai kika tarar bashi ne.

Ba a jima ba iska ta juya. A 2023 Kotun Ƙoli ta Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A ƙarshen 2024 kamfanin Walmart ya janye wasu daga cikin tsare-tsarensa. A watan Janairu na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin rufe irin waɗannan ofisoshi a ma'aikatun gwamnati, kuma a cikin watan nan ne McDonald's da Target da Meta, mai Facebook, suka ja da baya. Hujjar masu sukar tsarin ita ce, wai a bar cancanta ta yi aiki, fifita wani saboda launinsa shi ma wariya ne. Ban ce babu abin dubawa a maganarsu ba, domin wasu ofisoshin ba su tsinana komai ba sai shirya lacca da buga fosta. Amma abin da aka gina da sanarwa, ai da sanarwa ake rushe shi. Shi ya sa nake so mu waiwaya baya, mu ga yadda wasu mata biyu, ƙananan ma'aikata, suka yi abin da ya zauna.

Ta farko sunanta Caroline Hunter, baƙar fata ce 'yar Amurka, tana aikin harhaɗa sinadarai a kamfanin Polaroid mai yin kyamarar nan da ke fito da hoto nan take. A lokacin Afirka ta Kudu tana ƙarƙashin mulkin wariya, kuma tilas ne kowane baƙar fata da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da wani ɗan littafin shaida mai hotonsa, wanda ke nuna inda aka yarda ya zauna da inda zai yi aiki. A kan wannan littafi ne 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville a 1960. Wata rana a 1970, Caroline da wani abokin aikinta mai ɗaukar hoto, Ken Williams, suka ci karo da samfurin katin shaida na Afirka ta Kudu a cikin kamfanin. Da suka bi diddigi sai suka gane ashe kayan kamfaninsu na cikin waɗanda ake ɗaukar hotunan nan da su. Suka buga takardu suka manna a wurin aiki, suka kafa ƙungiyar ma'aikata, suka roƙi jama'a su daina sayen kayan Polaroid. Kamfanin ya ce zai daina sayar wa gwamnatin can, kuma zai sa a ƙara wa baƙaƙen ma'aikatan wakilinsa albashi, amma ciniki a ƙasar zai ci gaba. Ita kuwa Caroline aka dakatar da ita a 1971, daga bisani aka kore ta. Sai a 1977 asiri ya tonu cewa wakilin yana sayar wa gwamnatin kaya ta bayan gida, sa'an nan Polaroid ya tattara ya bar ƙasar. Caroline ta koma koyarwa, ta yi shekaru a aji tana riƙe da alli irin namu.

Ta biyu Baturiya ce, kuma labarinta ya fi taɓa ni. Mary Manning 'yar shekara 21 ce, tana karɓar kuɗi a wani babban kanti mai suna Dunnes a birnin Dublin na ƙasar Ailan. Ƙungiyar ƙwadagonsu ta ba da umarni kada mambobi su taɓa kayan Afirka ta Kudu. Ranar 19 ga Yuli, 1984, wata mata ta kawo garehul guda biyu, wato babban lemon nan mai ɗan ɗaci, za ta biya. Mary ta ba ta haƙuri ta ce ba za ta iya karɓar kuɗinsu ba. Manaja ya kira ta, ta ƙi canza magana, aka dakatar da ita. Nan take wakiliyar ma'aikata Karen Gearon da wasu 'yan kaɗan suka bi ta waje. Duka-duka ba su wuce goma sha ɗaya ba, kusan dukansu 'yan mata.

Ku sani, 'yan'uwa, waɗannan yara su da kansu sun ce a ranar nan ba su san wani abin kirki game da Afirka ta Kudu ba. Umarnin ƙungiya suka bi, ga kuma haushin yadda ake wulaƙanta su a kantin. A bakin ƙofa suka yi karatunsu, wurin wani dattijo ɗan gudun hijira daga can mai suna Nimrod Sejake, wanda ya riƙa zuwa yana tsayawa tare da su yana ba su labarin ƙasarsa. Sun zaci yajin aikin na 'yan kwanaki ne, sai ga shi ya kai shekara 2 da wata 9. Fam 21 ƙungiya take ba kowace a mako. Cikin ruwa da sanyi suna tsaye, sauran abokan aikinsu suna wuce su suna shiga kanti, wasu har da baƙar magana. Bishop Desmond Tutu ya gana da wasunsu a Landan a ƙarshen 1984, a kan hanyarsa ta karɓar lambar Nobel. A 1985 suka tafi Afirka ta Kudu bisa gayyatarsa, aka tsare su a filin jirgi da bindigogi, aka mayar da su. A ƙarshe gwamnatin Ailan ta hana shigo da kayan gonar Afirka ta Kudu daga 1987, sa'an nan suka janye yajin. Da aka saki Nelson Mandela a 1990 ya zo Dublin ya gana da su.

Kada ku ɗauka an yi musu rawa da kiɗa bayan haka. Mary ta sha wuyar samun aiki a garinsu, har ta yi ƙaura zuwa Ostareliya na wasu shekaru. Duk wadda ta ce muku tsayawa kan gaskiya a wurin aiki ba ya cin kuɗi, ta ruɗe ku. Abin lura shi ne, kowace a cikin matan nan ta kama abin da ke hannunta ne, ɗaya hoto, ɗaya akwatin kuɗi, kuma ba wadda ta tsaya ita kaɗai.

Sai dai fa ma'aikata ma ba waliyyai ba ne. A birnin Bristol na Ingila, a 1963, kamfanin bas na garin ya ƙi ko da ganawa da wani saurayi ɗan Jamaika mai suna Guy Bailey da ke neman aikin kwandasta, don kawai baƙi ne. Da aka matsa sai ta bayyana cewa su kansu direbobi da kwandastoci Turawa ba sa son a ɗauki baƙaƙe, suna tsoron kuɗin ƙarin lokaci zai ragu. Sai da jama'a suka ƙaurace wa bas ɗin wata 4 kafin kamfanin ya sauko, ranar 28 ga Agusta. A 1968 Ingila ta kafa dokar da ta haramta wariya wajen ɗaukar aiki. Doka kuwa ba manaja ne ke soke ta da takarda ɗaya ba.

To, me mai kamfani zai yi idan da gaske yake? Ya fara daga ƙofar shiga. A 2004 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a biranen Boston da Shikago, ilimi da ƙwarewa iri ɗaya, suna kawai suka bambanta. Idan an kira masu sunan baƙaƙen fata sau 10, an kira masu sunan Turawa sau 15. Mu malamai mun san maganin wannan tuntuni, shi ya sa a manyan jarrabawa lamba ake ba ɗalibi. Haka ya kamata a rufe suna da hoto a zagayen farko na tantancewa, a sa mutum fiye da ɗaya ya yi ganawar, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Sa'an nan kowace shekara a fito da lissafi a fili: wa aka ɗauka, wa aka ƙara wa girma, wa ke karɓar nawa. Wannan ba fifita kowa ba ne, kuma mai kukan cancanta ba shi da abin cewa a kai. Na ga ma kamfanin Costco, a watan nan na Janairu 2025, masu hannun jarinsa fiye da kashi 98 cikin 100 suka yi watsi da wata shawara da aka kawo don sukar tsarinsa. Ashe ja da bayan ba tilas ba ne.

Mu nan gida muna da namu tarihin. A 1976 Nijeriya ta kafa asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka riƙa ba da kashi 2 cikin 100 na albashinsu. Iyayenmu ne suka biya. Saboda haka abin kunya ne a ce 'ya'yansu suna zaune a ofis suna ture takardar wani don sunansa ya nuna ba ɗan garinsu ba ne, ko suna ware wa yarinyar aiki kwanonta daban kamar mai cuta.

Ke kuma da za ki tafi aiki waje, ko kina da 'ya a can, ga abin da za ki riƙe. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago tun watan farko, kada ki jira sai ta ɓaci. Ki adana takardar ɗaukarki aiki da ta albashi. Idan an yi miki abu, ko an yi wa wata a gabanki, ki rubuta shi a ranar: me aka ce, wa ya ce, ƙarfe nawa, su wa ke wurin. In an yi ba'ar launin wani kada ki taya dariya don neman shiga, kuma in aka nemi shaida ki tsaya. Idan za ki kai ƙara ga shugaba, ki kai a rubuce, ki tafi da wata. Kuma kada ki yi ta haƙuri har lokaci ya wuce, domin wa'adin kai ƙara gajere ne. A Amurka, alal misali, kwana 180 ne a hukumar tarayya daga ranar da abin ya faru, a wasu jihohi kuma 300. Ki tambayi na ƙasar da kike tun kina sabuwar zuwa.