Damagaram ko Filinge: Wace Ta Fi Kusa da Yamai?

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, tafiyar yini guda a mota, amma jirgin sama kan isa cikin kimanin sa'o'i biyu. Filinge kuwa kimanin kilomita 180 ce ta hanyar Baleyara da Tabla, sai dai jirgin fasinja ba ya zuwa can, dole a yi wajen sa'o'i uku a mota. Ashe ga mai kuɗin jirgi, Damagaram ta fi ƙasar Kurfai kusa. Magabata sun yi gaskiya da suke auna nisa da zango da kwana. Manazarta harshe su yi hattara: muddin sauƙin tafiya ne ke zaɓa musu fagen bincike, Hausar Kurfayawa, mai cuɗanya da Zabarmanci da Buzanci, za ta rasa masu nazarinta.