A KOYA WA YARANMU AWO, HADDA TA ISA HAKA

Jama'a, ran kasuwar Dambatta da ta wuce wani ƙanena ɗan aji biyar na sakandare ya kawo mini littafinsa na insha'i. Malaminsu ya ce su auna amfanin rijiyar burtsatsen ƙauyensu. Yaro ya cika shafi biyu da kirarin ruwa da godiya ga manya. Bai ce uffan ba game da cewa famfon ya yi wata huɗu a lalace, alhali shi da kansa yake tura kurar ruwa daga ƙauyen gaba kowace safiya. Wai kuma malam ya ba shi maki mai tsoka!

Yaron ba shi da laifi. Mu ma haka aka yi mana a makarantar mishan, a haddace rubutun wani a juye a takarda.

To, ku 'yan kasuwa kun riga malamai sanin wannan aiki. Mai sayen rago sai ya taɓa gadon baya, ya buɗe baki ya duba haƙori, kana ya taya. Mai awon gero ba ya karɓar mudun da aka buga wa gindi. Insha'in auna abu ke nan: yaro ya faɗi ma'aunin da zai yi awo da shi, ya kawo shaidar da idonsa ya gani, sa'an nan ya yanke hukunci, ko da wani zai ɓata rai. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana neman kalma 450 a takardar Ingilishi. In tambaya ta zo ta muhawara, me ɗan hadda zai zuba?

A 2024 gwamnatin Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Madalla. Amma fenti a bango ba ya duba littafi, kuma malamin da aji ya cika masa har bakin taga yaushe zai karanta hujjar kowane yaro? A ƙara malamai. Na Bichi da Kunchi da Makoda su tura yara bakin dam na Tomas su auno ko ruwan yana kaiwa gonar talaka. Wa ke tsoron amsar?

Ni dai na mayar wa ƙanena littafinsa, na ce ya je ya tambayi mai gyaran famfo nawa ne kuɗin gyara, wa aka kai wa kuka, ya dawo ya sake rubutu.